Na'urar nuna hanya ta cikin mota: kafin ka biya kuɗin sabuntawa, tambaye ta Tabotaki

A wannan mako shafinmu zai tsaya a kan wata tambaya da ke yawo a garaji-garaji da wuraren cinikin motoci, tun daga Yamai har Tawa da Maraɗi. Da yawa daga cikin motocin hannu da ake shigowa da su daga Turai, Amurka da Dubai suna zuwa da wani ɗan allo a gaban direba, wanda aikinsa shi ne nuna taswira da faɗa wa matafiyi inda zai bi. Ita ce na'urar da kowa ke kira GPS. Mai mota ya kunna ta cike da murna, sai ya ga ko dai unguwannin Beljik inda motar ta baro, ko kuma wata ƴar kibiya tana yawo cikin farin fili, babu gari babu hanya. Nan take za a samu mai ce masa ai taswirar ce ta tsufa, ya kawo kuɗi a sabunta masa ita, abin da masu gyara ke kira mizajur.

To, shin biyan wannan kuɗi yana da riba ga ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati? Domin amsar ta fito fili, mun ɗauki ma'auni guda, wato garin Tabotaki da ƙauyukansa, a gundumar Buza ta jihar Tawa, cikin ƙasar Adar mai duwatsu da ƙoramu. Dalili kuwa shi ne, irin waɗannan wurare ne mai sayen hatsi da bisashe ke nema ranar kasuwa, can ne kuma ake tura malamin makaranta, da malamin asibiti, da jami'in gona. Na'urar da ta kasa kai mutum inda abincinsa yake, ko ta san titunan Faris kamar yunwar cikinta, ado ce kawai.

Tauraro daban, taswira daban

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, na'urar nan aikin abubuwa biyu ce da aka haɗa. Na farko taurarin ɗan Adam ne da ke kewaya duniya. Sojojin Amurka ne suka kafa tsarin GPS: sun harba tauraro na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24, suna shawagi a nisan kilomita kimanin 20.200 daga doron ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a yini. Kowane tauraro yana aiko da saƙo mai ɗauke da lokaci da matsayinsa. Idan na'urar mota ta kama saƙon taurari 4 ko fiye, sai ta lissafa nisan da ke tsakaninta da kowannensu, daga nan ta gano inda take. A da, da gangan Amurka ke gurɓata saƙon da farar hula ke kamawa, har kuskuren yakan kai mita 100. A watan Mayu na 2000 shugaba Bill Clinton ya ba da umurnin a daina, tun daga lokacin kuskuren ya koma ƴan mitoci kaɗan. Rasha tana da nata tsarin mai suna GLONASS, Turai ta fara aiki da Galileo a 2016, Sin kuma ta kammala BeiDou a 2020.

Wannan saƙo na taurari kyauta ne. Ba ya bukatar kati, ba ya bukatar rezo, kuma yadda yake sauka a Burusel haka yake sauka a kan duwatsun Adar. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka biya kuɗi domin a haɗa motarka da tauraron Afirka, ko a buɗe mata tauraron Nijar, to ka riƙe aljihunka da kyau.

Sai dai tauraro lambobi kawai yake bayarwa: kana nisan kaza daga tsakiyar duniya wajen arewa, nisan kaza wajen gabas. Bai san sunan gari ba, bai san akwai hanya ko babu ba. Wanda ya san wannan shi ne abu na biyu, wato taswira, ita kuwa a cikin motar take ajiye, a faifai ko a ɗan katin nan da ake kira memwar. Ranar da aka zuba ta, a ranar saninta ya tsaya. Sabuntawar da ake magana, sauya wannan taswira ce da wata, wani lokaci kuma har da gyaran manhajar da ke tafiyar da na'urar. Misalin matsalar manhaja shi ne abin da ya faru ranar 1 ga Janairu 2022, lokacin da agogon na'urorin tsofaffin motocin Honda da Acura masu yawa ya koma shekarar 2002.

Taswirar wa ke cikin motarka?

Kamfanonin ƙera motoci ba su ne ke zana taswira ba. Saye suke daga wasu manyan kamfanoni, musamman biyu. Akwai HERE, wanda a da ake kira Navteq, Nokia ta saye shi a 2008, sannan Audi da BMW da Daimler suka karɓe shi a 2015. Akwai kuma TomTom na ƙasar Holan, wanda ya saye Tele Atlas a 2008. Ana sayar da taswirar ne yanki-yanki: ta Turai daban, ta Amurka ta Arewa daban, ta ƙasashen Larabawa daban, ta Japan daban. Motar da aka ƙera domin kasuwar Jamus ko Faransa, taswirar Turai aka sa mata, domin ba wanda ya yi zaton bayan shekara goma sha za ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Kotonu ko ta Lome, ta ƙarasa rayuwarta tana ɗaukar buhunan wake a kasuwannin Buza.

A nan ne gizo ke saƙar. Idan ka sayi sabuntawar da kamfanin ya tanada domin irin motarka, abin da za a ba ka shi ne sabuwar taswirar yankin da motar ta fito. Za ka samu sababbin gadojin Holan da titunan da aka sauya wa suna a Italiya, amma kibiyar nan tana nan cikin farin filinta da zarar ka bar Ƙonni ka nufi Madawa. Sauya wa na'ura yanki gaba ɗaya wani aiki ne daban, a wasu motocin yana yiwuwa, a wasu kuma an kulle shi. Kamfanoni da dama suna ɗaure katin taswira da lambar jikin mota, ta yadda katin da ya yi aiki a wata motar ba zai yi a taka ba.

Ko da an dace an samu taswirar da ta ƙunshi Afirka ta Yamma, sai a duba zurfinta. Kamfani yana zuba kuɗin aunawa ne inda yake da masu saye da yawa. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogonduci, Ƙonni, Galmi, Madawa, Maraɗi har Damagaram, ba a rasa ta a taswira. Amma wannan hanya ba ta bukatar jagora. Yaron mota ma ya haddace ta. Inda ake bukatar jagora shi ne bayan an sauka daga kwalta, kuma daidai nan ne taswirar kamfani ke yin shiru.

Abin da ke tsakanin Madawa da Tabotaki

Wanda ya bar Madawa ya yi arewa zuwa Buza da Kaita ya san ƙasar nan ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Tudun dutse ne da fako, sai kwari, sai wani tudun. Daga hanyar da ta haɗa manyan garuruwan, ƙananan hanyoyi na burji da turbobin amalanke ne ke ratsawa zuwa ƙauyuka, kuma kusan kowace sai ta tsallaka ƙorama. Da rani ƙoramar rairayi ce, ka wuce ba ka ma lura ba. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan da aka yi a kan tudu, wanda kai ko ɗigonsa ba ka gani ba, yana iya saukowa cikin ɗan lokaci ya cika ta har ya ci gefen hanya. Bayan ruwa ya janye, direbobi sukan buɗe wata sabuwar mashiga can gaba ko can baya. Ke nan hanyar bara ba lalle ita ce ta bana ba.

Su ma hanyoyin karkarar suna da tarihinsu. Babban aikin raya karkara na Kaita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya tare da hukumar FAO da hukumar abinci ta PAM, ya dasa miliyoyin itatuwa, ya gina madatsun ruwa, ya kuma buɗe hanyoyin karkara a yankin Adar-Duci-Majiya. Tsofaffin taswirorin da Faransawa suka zana kafin wannan aiki ba su san da su ba. Taswirar Michelin kuwa, wadda direbobin dogon zango suka daɗe suna ajewa a aljihun mota, santimita ɗaya a kanta kilomita 40 ne a ƙasa, don haka ƙauyuka goma suna iya ɓuya ƙarƙashin ɗan yatsa guda.

Sai matsalar suna. Taswira da rubutun Faransanci take aiki: Tawa ita ce Tahoua, Madawa ita ce Madaoua, Buza ita ce Bouza, Gidan kuma Guidan. Ƙauye guda yana iya samun rubutu iri uku, wani a takardun haraji, wani a na makaranta, wani a taswira. Ga kuma maimaicin suna: Sabon Gari nawa ne a ƙasar Hausa, Tunga nawa, Zango nawa? Direban da ya danna sunan farko da ya fito masa, bai duba gundumar ba, yana iya shan tafiya mai nisa kafin ya farga. Hatta iyakokin mulki sun sauya: a 2011 aka ƙara gundumomin ƙasa daga 36 zuwa 63, a jihar Tawa aka samu Malbaza, Bagarwa, Tasara da Tiliya.

Mafi muhimmanci duka shi ne yadda na'urar ke zaɓen hanya. Lissafi take yi na tsawo da na gudu, ta ba ka wadda ta fi kusa ko ta fi sauri a takarda. Ba ta san an yi ruwa jiya ba. Ba ta san motarka tana ɗauke da albasa har sama, ba za ta hau wancan tudu ba. Ba ta san inda hukuma ta hana bi da dare saboda tsaro ba. Daminar 2024 ta isa darasi: ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, ta yanke hanyoyi har da na shiga Yamai. A watan Agusta na shekarar, a nan jihar Tawa, ruwan ƙorama ya tafi da motoci biyu na masu zuwa cin kasuwa, aka yi asarar rayuka kimanin 50. Ba na'ura ce ta jawo wannan musiba ba, amma ta nuna irin haɗarin da ke kan hanyoyinmu, kuma babu taswirar da aka zuba a faifai, sabuwa ko tsohuwa, da za ta gargaɗi direba a kansa. Hanyar lafiya, in ji Bahaushe, a bi ta da shekara.

Lissafin kuɗi

Ɗan kasuwa da alƙalami yake magana, to bari mu ɗauki alƙalami. A Turai wasu kamfanoni suna ba da sabuntawa kyauta na ƴan shekaru ga sabuwar mota, amma ga tsofaffin motoci farashin yakan kama daga Yuro 100 zuwa 200. Tun da Yuro ɗaya sefa 656 ne, kuɗin ya kama daga jika 65 zuwa jika 130, ban da ladan mai kawowa da na mai sakawa. Bayan shekara ɗaya ko biyu kuma taswirar ta sake tsufa.

Akwai katunan jabu masu araha da ake kwafa a kwamfuta. Haɗarinsu shi ne, a motocin zamani allon nan ba taswira kaɗai yake riƙe da ita ba. Rediyo, da kyamarar baya, a wasu ma har da na'urar sanyaya mota, duk ta cikinsa ake sarrafa su. Zuba sabuwar manhaja yana ɗaukar lokaci, wani sa'in fiye da awa guda, kuma idan batir ya yanke a tsakiya ko katin bai dace ba, allon yana iya mutuwa gaba ɗaya. A je neman ƙiba a samo rama ke nan.

A ɗaya gefen kuma ga wayar hannu. Yawancin wayoyin zamani suna kama saƙon taurarin nan, da yawansu ma suna haɗa na Amurka da na Rasha da na Turai da na Sin. Manhajar Google Maps tana ba da damar sauke taswirar yanki a ajiye cikin waya, haka ma OsmAnd da Organic Maps, waɗanda ke aiki da taswirar OpenStreetMap. Mutum ya sauke taswirar Nijar a Tawa ko Madawa inda rezo ke da ƙarfi, sannan ya shiga daji da ita, tana aiki ko babu rezo ko kaɗan. Sabuntawarta kuɗin intanet kawai take ci. Motocin da aka ƙera daga wajen 2015 zuwa yau, da yawansu suna da Android Auto ko Apple CarPlay, wato ana iya haɗa waya da allon motar, taswirar waya ta fito a kansa. Mai irin wannan mota ba shi da dalilin sayen kati.

Kada dai a ɗauka waya ta san komai. Ita ma akwai ƙauyukan da babu su a cikinta, akwai turbobin da take nunawa alhali ruwa ya cinye su tuni. Zafin rana a gaban gilashi yana kashe ta, batir yana ƙarewa. Fifikonta biyu ne: idan ta yi kuskure ba ka yi asarar jika ɗari ba, kuma tana iya koyon hanya daga gare ka. Manhaja irin OsmAnd tana rubuta sawun tafiya. Ka ɗauki ɗan gari ya raka ka sau ɗaya, ka ajiye sawun, ka sa alama a mashigar ƙorama, da rijiya, da wurin mai faci, da gidan da ka sauka. Direbobin Agadas da ke ratsa Tenere sun daɗe da wannan dabara da ƙananan na'urorin hannu: alamomin da suka ajiye da kansu suke bi, domin can babu titin da za a zana.

Gwaji uku kafin a biya

Ba mu ce sabuntawa ba ta da amfani ga kowa ba. Wanda ya sayi sabuwar mota daga wakilin kamfani, aka sa mata taswirar yankinmu tun asali, kuma harkarsa ta manyan birane ce, irin su Yamai, Kano, Abuja, Lome ko Abijan, yana iya cin moriyarta, musamman idan kyauta ce ko tana cikin yarjejeniyar saye. Birane suna sauya fuska: a Yamai an buɗe gada ta biyu a kan Kwara a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce a 2021, sannan a watan Oktoba na 2024 titin Charles de Gaulle ya koma titin Jibo Bakari. Taswirar 2010 ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ga sauran jama'a kuwa, shawararmu ita ce kada a yi cinikin biri a sama. Kafin kuɗi su fita, a yi gwaji uku a gaban mai sayarwa. Na ɗaya, ya sa katin a motarka, ka rubuta Tabotaki da hannunka, ka ga ko sunan zai fito, kuma ko akwai hanyar da ta isa garin, ba ɗigo kawai a tsakiyar fili ba. Na biyu, ka nemi wata hanya ko gada da ka san shekarar da aka yi ta, domin ka gane ainihin shekarun taswirar, kada ka dogara da abin da aka buga a jikin kwali. Na uku, ku yi magana a gaban shaidu a kan wanda zai ɗauki nauyi idan allon ya lalace. Wanda kayansa ke da kyau ba ya gudun gwaji. Idan ya ƙi ko ɗaya daga cikin ukun, ka mayar da kuɗinka wajen taya mai kyau, da shebur, da igiyar ja, da jarkar ruwa, waɗanda amfaninsu a hanyar Adar ba ya bukatar muhawara.

Ga ma'aikatan da ke rubuta takardun sayen motocin hukuma da na ayyukan raya ƙasa, maganar ta fi nauyi, domin dukiyar jama'a ce. Idan za a biya kuɗin na'urar nuna hanya a cikin farashin mota, to a rubuta a yarjejeniya cewa taswirar ta ƙunshi Nijar, a kuma gwada ta ranar karɓar kaya. In ba haka ba a cire ta daga lissafi.

Wa zai zana taswirar Adar?

Saura tambaya guda. Idan kamfanonin Turai ba su ga ribar auna turbobinmu ba, wa zai auna su? Ƙasa tana da hukumar taswira, wato IGNN, aikin hukuma kuma nata ne. Amma akwai ƙofar da ke buɗe ga kowa. OpenStreetMap, wadda wani Bature ɗan Ingila mai suna Steve Coast ya kafa a 2004, taswira ce da jama'a ke zanawa da kansu, duk mai waya ko kwamfuta yana iya ƙara ƙauye, ko hanya, ko rijiya, ko ya gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba, gyaran kuma ya isa ga duk masu amfani da ita. Malamin asibitin da ke zagayen rigakafi, da mai duba makarantu, da jami'in dabbobi, da direban da ke cin kasuwannin Buza da Kaita da Tamaske mako-mako, babu wanda ya kai su sanin waɗannan hanyoyi. Abin da suka sani yana cikin kawunansu, kuma ranar da aka yi wa ma'aikaci sauyin wurin aiki, da saninsa yake tafiya, wanda ya gaje shi ya fara daga farko. Da kowace komin za ta ajiye lambobin ƙauyukanta da mashigun ƙoramunta, da motar ɗaukar marar lafiya ba ta ɓata lokaci da dare tana neman hanya ba.

A zamanin fatake, ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, yana kuma da jagaba mai wucewa gaba ya dubo hanya da masauki. Madugu bai taɓa ɗaukar jagaban da bai san ƙasar ba don kawai rigarsa ta yi kyau. Haka ya kamata mai mota ya yi da na'urarsa. Ya bar tauraro ya faɗa masa inda yake, ya bar waya ta riƙe masa sawu, amma kafin ya bar kwalta da damina, ya tsaya a tashar Madawa ko ta Buza ya tambayi direban da ya fito yanzu: an yi ruwa a tudu? Ƙorama ta sauka? Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa gidansa lafiya.